Lambobin taswira a wasan ARG: wuri suke nunawa ko kalma suke ɓoyewa?

Tambaya daga wani ɗalibi mazaunin Jidda:

"Salamu alaikum Yaya. Mu shida ne muke bin wani wasa a intanet, irin wanda ake kira ARG, wanda ake saƙa labarin ƙage a cikin rayuwar gaske, a riƙa watsa alamu a shafuka da hotuna da wurare. Makon jiya aka saki lambobin wuri guda bakwai, kowace tana da lamba takwas bayan ɗigo. Biyar sun faɗa cikin Jidda, ɗaya a cikin Bahar Maliya, ɗaya kuma a jeji. Abokinmu ya hango 212 a wutsiyar ta uku, ya ce idan A 1 ce, B 2, BAB ke nan, wato ƙofa da Larabci, don haka mu nufi Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin Jidda. Shin ana ɓoye kalmomi a irin waɗannan lambobi? Kuma yaya za mu gane na gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ana ɓoyewa, kuma hanyar yin hakan ba ta da wuya. Amma BAB ɗin abokinku ba hujja ba ce, kuma ina so in nuna maka dalili da lissafi, don kada ka ɗauka ra'ayina ne kawai. Aikina safiyo ne da zanen taswira, lambobin nan su nake juyawa kullum, shi ya sa zan fara daga abin da lambar wuri take iya ɗauka da abin da ba ta iyawa.

Lambar wuri biyu ce a haɗe. Ta farko, latitud, tana faɗin nisanka arewa ko kudu daga tsakiyar duniya, ba ta wuce 90. Ta biyu, longitud, tana faɗin nisanka gabas ko yamma, ba ta wuce 180. Mu a bakin aiki lambar arewa da lambar gabas muke ce musu. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne a ƙasa. Daga nan sai ka riƙa rabawa da goma: lamba ta farko bayan ɗigo kilomita 11 ce, ta biyu kilomita ɗaya da 'yan kai, ta uku mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya da ɗan ɗori, ta shida santimita 11. Ta takwas kuwa milimita ɗaya take aunawa. Wayar da ke hannunka, idan sama a buɗe take, da kyar take gane inda kake da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba, a cikin lungunan Balad, tsohon garin Jidda, kuma kuskuren ya fi haka saboda gine-gine.

Abin da wannan yake nufi shi ne lambobin gaba ba na mai shirya wasa ba ne, na ƙasa ne. Duk wanda yake son ya tura ku wani wuri a Jidda dole lambar arewarsa ta fara da 21, ta gabas ta fara da 39, kuma lamba uku ko huɗu na bayan ɗigo wurin ne yake tilasta masa su. Ba shi da zaɓi a nan, don haka ba ya iya ɓoye komai a nan. Inda yake da 'yanci shi ne wutsiya, daga lamba ta biyar zuwa ƙasa. Kamar aljihun babbar riga ne, ka cusa abin da ka ga dama, mai kallo daga waje ba ya ganin rigar ta sauya.

Ga yadda ake yi. A ce ina so in tura ku tsohon garin Jidda, wajen 21.4840 arewa da 39.1870 gabas, kuma ina so in ɓoye kalmar TEKU. A jerin haruffa 26 na Turanci T ita ce ta 20, E ta 5, K ta 11, U ta 21. Sai in rubuta 21.48402005 da 39.18701121. Wurin bai gusa da mita uku ba, amma wutsiyoyin suna ɗauke da 20, 05, 11, 21. Wanda ya sa lambar a waya zai je inda ake so, wanda ya tsaya ya karanta zai sami kalma. Ka lura da abin da ya fito: lamba takwas bayan ɗigo tana ba da wurin harafi biyu a kowane ɓangare, huɗu a kowace lambar wuri. Naku bakwai ne, ke nan akwai wurin harafi 28. Jimla guda ce cikakkiya. To in da mai wasan ya yi niyyar ɓoye magana, me zai sa ya bar wurin harafi 28 ya ajiye harafi uku a tsakiyar wutsiya ɗaya?

Gwajin farko da za ku yi ke nan, kuma ba ya cin minti goma. Ku yanke lamba huɗu na ƙarshe a duka ɓangarori 14, ku raba su biyu-biyu. Idan lambobin haka kawai suka faɗo, kowane biyu yana da damar 26 cikin 100 ya faɗa tsakanin 01 da 26. Biyar a jere su faɗa duka, wannan kusan 1 cikin 840 ne. Duka 28 su faɗa, wannan ba ya faruwa da katari. Idan kun ga haka to da walakin, ko da haruffan ba su karantu ba tukuna, domin ana iya ƙara musu wani kulle a kai. Haka nan idan duka sun taru tsakanin 65 da 90, wannan tsarin ASCII ne da kwamfuta ke ba manyan haruffa. Idan kuwa kun ga 07, 83, 51, 99, 30 a warwatse, babu saƙo ta wannan hanya. Kada wani ya ce a riƙa cire 26 daga manyan har su dawo cikin iyaka. Wannan dabara tana mayar da kowace lamba a duniya harafi, don haka fitowar harafi daga cikinta ba ta tabbatar da komai.

Kafin ma ku kai nan, akwai abu biyu da ke haifar da doguwar wutsiya ba da nufin kowa ba. Na farko, idan ka kwafo lambar wuri daga Google Maps a kwamfuta, takan zo da lambobi goma sha wani abu bayan ɗigo, kuma na ƙarshen tarkacen lissafin na'ura ne. Mai wasa yana iya datse ta a takwas ya saki. Na biyu, sauyi daga tsarin digiri da minti da sakan. Digiri 21 da minti 29 idan aka mayar da shi tsarin ɗigo 21.48333333 yake zama. Duk inda ka ga wutsiya irin 3333 ko 6667 ko 2778 ko 5556, to daga nan ta fito. Yadda za ka tabbatar: ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 3600. Idan ya ba ka cikakkiyar lamba ko dab da ita, sakan ne aka sauya, ba saƙo ba.

Yanzu 212. Kuna da ɓangarori 14, kowanne da lamba takwas bayan ɗigo. A kowanne akwai wuri shida da jerin lamba uku zai iya farawa, jimla 84. Damar 212 ta bayyana a wani daga cikinsu haka kawai ta kai kusan 1 cikin 12. Wannan idan tun farko 212 kaɗai kuke nema ke nan. Amma abokinku ba ita ya fita nema ba, ya fita neman duk abin da ya yi kama da kalma. Kuma ku 'yan Jidda harshe uku kuke ɗauke da shi a ka, Hausa da Larabci da Turanci. Haɗin harafi uku daga 26 guda 17,576 ne. A ce kalmomi masu harafi uku da za ku yarda da su a harsunan nan sun kai 1,000. Kowane gwaji yana da damar kusan 6 cikin 100. Ku gwada hanya 40, daga dama, daga hagu, a tsallake ɗigo, a haɗa da digiri, a fara daga sifili, damar ku ci karo da kalma ta kai kusan 90 cikin 100. Claude Shannon ya nuna tun 1949 cewa saƙon Turanci da aka ɓoye ta musanya harafi da harafi sai ya kai tsawon harafi 25 zuwa 30 kafin a ce warwararsa ɗaya ce tak. Ƙasa da haka amsoshi da yawa suna iya dacewa. Harafi uku bai kama hanya ba.

Tun da BAB Larabci ne, dole mu taɓa hisabi, domin na san a nan hankalin ɗan Hausa yake fara zuwa, kuma da dalili. Mu mun gaji lissafin abajada. Malamanmu na ƙasar Hausa suna rufe waƙa da ramzi, kalma ɗaya da idan ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Kai, lambobin wuri su kansu da haruffa aka riƙa rubuta su a da. Alkhawarizmi, a Bagadaza, wajen shekara ta 833 Miladiyya, ya jera lambobin wurare sama da 2,400, garuruwa da duwatsu da koguna, kuma da haruffan abajada ake rubuta irin waɗannan jadawali. Digiri 21 kaf da alif ne, minti 25 kaf da ha mai ƙimar 5. Mai karatu ya san lamba ce, ba ya neman ma'ana a ciki, kuma babbar matsalar masu kwafe ita ce ɗigo: jim 3 ce, ɗaya ha ɗin mai kama da ita 8 ce, ɗigo ɗaya ya ɓace gari ya tashi daga inda yake.

To a ƙa'idar hisabi, 212 ba ba-alif-ba ba ce. Ra ce 200, ya 10, ba 2. Idan ka haɗa su "raib" za ka karanta, wadda ita ma kalma ce ta Larabci. "Bab" kuwa jimlarta 5 ce. Lamba ɗaya ta ba ku kalma biyu ta hanya biyu, kuma babu abin da ke cikin lambar da zai ce ga ta gaskiya. Hisabi yana da kyau wajen mayar da kalma lamba, amma komawa baya daga lamba zuwa kalma ba shi da hanya ɗaya, don kalmomi da yawa jimlarsu ɗaya ce. Sannan akwai abin da ke rikita mutanenmu a ƙasar nan. Jerin da almajiri ya koya a Kano ko Sakkwato na Magrib ne, wato yammacin Arewacin Afirka, wanda ake amfani da shi a nan Saudiyya na Gabas ne, kuma sun saɓa a haruffa shida. A na Gabas sin 60 ce, sad 90, shin 300, gain 1000. A na Magrib sad ce 60, sin 300, gain 900, shin 1000. Shi ya sa ramzin waƙoƙinmu na shekarun 1200 na Hijira yake ɗauke da shin da ra. Idan mai wasanku Balarabe ne kuma ya yi amfani da abajada, da jerin Gabas zai yi, kuma zai bar wata alama a labarin da ke nuna hakan.

Wannan alamar ita ce abin da ya fi muhimmanci a cikin duk abin da zan gaya maka. Mai shirya ARG ba ya fitowa ya ce wasa ake yi, wannan ƙa'idarsu ce, amma yana son a warware abin da ya kulle. Ya ɓata lokaci da kuɗi, ba ribarsa ba ce kacici-kacicin ya mutu ba a gane ba. Don haka yakan ajiye mabuɗi kusa da kulle. Dubi Cicada 3301, wanda ya fara a watan Janairun 2012. A cikin hoton farko an ɓoye rubutu mai ambaton sunan Kaisar, sunan kuma shi ne ya nuna a yi amfani da tsarin gusa haruffa da aka san Kaisar da shi. Daga baya aka ce a nemo lambobi uku marasa rabuwa, wato waɗanda ba lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Ɗaya 3301 ce, sauran biyun faɗi da tsawon hoton ne, 509 da 503. Da aka ninka su suka ba da 845145127, aka sa a matsayin adireshin shafi, shafin ya buɗe. Ka ga amsar ta tabbatar da kanta, ba a bukaci gardama ba. Kuma abin da shafin ya fitar daga ƙarshe lambobin wuri ne, a Amurka da Faransa da Poland da Koriya ta Kudu da Ostireliya. Ba kalmomi ne a ciki ba. Mutane suka je suka tarar da takarda manne a jikin falwaya, da hoton ƙwaron cicada da lambar QR.

Wanda ya fi kama da halin da kuke ciki shi ne I Love Bees na 2004, wanda kamfanin 42 Entertainment ya shirya don tallar wasan bidiyo na Halo 2. An saki lambobin wuri 210 tare da lokuta, ba bayani. Jane McGonigal, wadda tana cikin masu tafiyar da wasan, ta rubuta daga baya cewa 'yan wasan sun rabu gida uku. Wasu suka ce a je wurin a lokacin da aka ambata. Wasu suka ce a duba abin da ke kewaye da wuraren, sunayen tituna da gine-gine, a nemi abin da ya haɗa su. Wasu suka ce lambobi ne zalla, a juya su har saƙo ya fito. Na farko ne suka dace: wayoyin kan titi ne, suna ƙara a lokacin da aka faɗa, wanda ya ɗauka yana buɗe wani yanki na labarin. Abin da na gani a wasannin da aka sani shi ne yawanci kalma ce ke ɓoye wuri, ba wuri ke ɓoye kalma ba. Masu wasan geocaching, wanda ya fara a watan Mayun 2000 bayan Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula, su ma wani lokaci haka suke yi: a ba ka kacici-kacici, ka warware, ya ba ka lambar inda aka ɓoye akwati.

Saura biyun da suka faɗa teku da jeji. Su ne suka fi jan hankalina, fiye da 212 nesa ba kusa ba. Amma ku fara kawar da kuskuren karatu. Lambar Ka'aba digiri 21 minti 25 sakan 21 ce arewa, digiri 39 minti 49 sakan 34 gabas, wato 21.4225 da 39.8261. Wanda ya ɗauki na farkon ya rubuta 21.2521 da 39.4934 a waya zai sauka kusan kilomita 19 kudu da kilomita 34 yamma, a jeji. Don haka ku gwada karanta lambar jejin nan a matsayin digiri da minti da sakan, ku ga ko za ta dawo cikin gari. Idan biyun farko bayan ɗigo da biyun da ke bin su duk ba su wuce 59 ba, zaton ya yi ƙarfi. Ku kuma duba ko an juya su. Google Maps arewa yake sa wa a gaba, fayilolin taswira irin KML da GeoJSON gabas suke sa wa a gaba, kuma Jidda idan aka juya ta tsakiyar ƙasar Girka take komawa. Tsofaffin taswirorin Saudiyya da aka yi kan ma'aunin Ain el Abd na 1970 ma suna saɓawa da na waya da kusan mita 100, amma wannan bai isa ya jefa ku tsakiyar teku ba.

Idan duk wannan bai dawo da su ba, to mai yiwuwa ba wuraren zuwa ba ne, kuma a nan kalma ko siffa take iya shigowa. Ku sa bakwai ɗin a taswira ɗaya ku ja layi bisa jerin da aka sake su. Wani lokaci harafi ne ke fitowa, wani lokaci kibiya, wani lokaci layi biyu ne ke gittawa a wuri na takwas da ba a faɗa ba, kuma irin wannan zane yakan tilasta wa mai wasa ya ajiye ɗigo a teku. Ku rubuta sunayen wurare biyar na cikin gari da Larabci da boko, ku dubi haruffan farko. Ku duba gajeren adireshin ƙasa na kowane gini, mai harafi huɗu da lamba huɗu, domin mai wasa mazaunin Saudiyya zai iya amfani da shi. Ku sa su a what3words, wanda ya raba duniya gida-gida mita uku-uku ya ba kowane gida kalma uku, yana kuma da na Larabci. A nan lamba ta biyar bayan ɗigo tana da tasiri, kuma idan an zaɓi gidajen da gangan kalmomin za su yi magana da labarin a fili. Plus Codes na Google kuwa, mai mayar da lambar wuri gajeren jerin haruffa da lambobi, kada ku ɓata lokaci a kai, da gangan aka zaɓi alamominsa 20 ba wasali ko ɗaya don kada su haɗa kalma. Geohash ma, wani tsarin irinsa, ba shi da haruffan a da i da l da o, don haka kalmar Hausa da wuya ta fito daga cikinsa.

Ƙa'idar da zan ba ku ita ce ku rubuta hanyar kafin ku ga sakamako, kuma hanya ɗaya ta yi aiki a kan duka bakwai ba tare da an jefar da lamba ko ɗaya ba. Abokinku ya faɗi dokar da ta ba shi BAB a ta uku, a ɗora ta a kan sauran shida a wuri ɗaya. Idan suka ba da kalmomi, ni ne farkon mai cewa ya yi gaskiya. Idan ya zama sai an sauya doka a kowace lamba, to shi ne yake rubuta saƙon, ba mai wasan ba. Kada ku yi masa dariya dai, irin idonsa ake bukata a wasan nan, horo kawai yake nema.

A ganina biyar ɗin nan wurare ne, ku je ku gani da ido, ku duba ko an haɗa su da lokaci. Amma ku je da rana, ku biyu ko uku, kowa da iƙamarsa, wato katin izinin zama, a aljihu. Kada ku ɗauki hoton ginin gwamnati ko na tsaro, kada ku tsallake shinge ko ku shiga gidan mutane, kada ku manna ko ku ɓalle wani abu a gine-ginen Balad, wuri ne da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 2014. Na jejin kuwa ban yarda ku bi shi da mota ba sai kun gama duk gwajin da na lissafa a gida, kuma ko an gama, ba a shiga jeji da mota ɗaya ba ruwa ba sanarwa. Duk wasan da ya nemi hoton fasfo ko iƙama ko lambar katin banki, ku fita daga cikinsa a take.

Ka turo min lambobin bakwai yadda aka sake su, a rubuce ba hoton allo ba, da jerinsu na asali da duk wani rubutu ko lokaci da ya zo tare da su. Zan fara da ninkawa da 3600 da raba wutsiyoyin biyu-biyu, in gaya muku abin da ya fito.